Rabin Tanki

Tun da aka ƙara kuɗin mai karo na uku a shekarar, Mai Tasi ya koma kallon allurar tanki fiye da yadda yake kallon hanya. Motar tasa ce, amma su biyu ke tuƙa ta: shi daga safe zuwa rana tsaka, sai Dogo, ƙanin matarsa, ya karɓa har faɗuwar rana. Sharaɗinsu ɗaya ne, kowa ya miƙa ta da rabin tanki.

Kullum Dogo kan ce ya zuba, kullum da safe allura na ƙasa da rabi. Mai Tasi ya yi wa matarsa zancen tana tsaka da girki. Ta ce ita ma tukunyar gas ɗinta ta daina kai wata, ko ita ma Dogo ne ke zuƙewa? Bai yi dariya ba.

Daga nan komai na Dogo ya fara tsole masa ido: sabon takalmi, warin fetur a hannun riga, wata jarka a bayan ƙofar ɗakinsa. Wata rana har babur ya hau ya bi shi a baya. Ya ga Dogo ya tsaya wajen masu sayar da mai a galan a bakin titi, sun gaisa, sun yi raha, ya wuce. Bai ga an buɗe tanki ba, amma gaisuwar ta yi masa tsawo.

Washegari wajen miƙa mota ya tambayi Dogo ko nawa masu galan ɗin suke sayen lita a hannunsa. Dogo ya ajiye makulli a kan murfin inji.

"Yaya, da ɓarawo ka kira ni kai tsaye, da ya fi mini sauƙi."

Kwana huɗu matar Mai Tasi ba ta ce masa komai ba in ban da ga abinci. Shi kaɗai ya riƙa tuƙi safe da yamma, bayansa na ciwo, allura kuwa ba ta fasa sauka ba. A rana ta biyar ya kai motar gareji. Bakanike ya shiga ƙarƙashi, ya fito da wani guntun tiyon mai a tsage, ya ce wannan ya daɗe yana ɗiga.

Kunya ta rufe Mai Tasi. Ya sami Dogo a wani wurin cika gas inda ya fara aiki, ya ba shi haƙuri a gaban mutane. Dogo ya ce komai ya wuce, amma mota kam ya bar ta. Da zai tafi, Dogo ya tambaye shi wane gareji ya je. Da ya faɗa, sai ya ce ai bakaniken abokinsa ne, tare suka yi makaranta.

Mai Tasi ya koma mota ya ɗauko tiyon ya jujjuya. Tsagar a miƙe take, kamar ta reza. Ko kuwa haka tsohuwar roba ke tsagewa? Bai sani ba, kuma babu wanda zai iya tambaya a gida. Ya jefa shi ƙarƙashin kujera, ya tada mota ya nufi wani garejin da ke can ƙarshen gari.