Saiwar a Gidana Take

Mai walda ya fito da adda a hannu, ya tarar tsohuwar maƙwabciyarsa ta riga shi. Tana tsaye a nata ɓangaren shingen waya, tana tsinkar yaɗiya a kwano. Toho da fure kawai take cira, ba ta taɓa tsohon ganye.

"Saiwar a gidana take," ya ce.

"Kai ka shuka ta?" Ko kallonsa ba ta yi ba. "A gabana ta tsiro, kana yawo ba wando."

"Ke kika kai ƙarar janaretona, aka rufe min shago kwana tara."

"Ni ce. Ka sake kunna shi a gindin tagata ka gani in ban koma ba."

Ya durƙusa ya lalubo saiwar, ta kai kaurin ƙotar fartanya. Sara uku ya raba ta biyu. Ya ɗauko baƙin man inji ya tsiyaya a kan kututturen, don ko toho kada ta sake yi.

"Sannu da aiki, jarumi," in ji tsohuwa. Ta ɗauki kwanonta ta shige.

Da rana ya dawo cin abinci, ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa. Tun da aka sallamo ta daga asibiti, duk abin da aka kai bakinta sai ta kau da kai, in ba dafaffen ganyen da matarsa ke kai mata ba. Yau ma ta share kwanon tas.

"Ganyen nan ya karɓe ta," ya ce wa matar. "Ki ƙaro in kin shiga kasuwa."

Ta ajiye ludayi. "Wace kasuwa? Wata biyu ke nan ta saman shingen waya tsohuwar nan ke miƙo min shi, a dafe. Ta ce ranar da na gaya maka, ta daina."

Ya fita tsakar gida. Yaɗiyar har ta yi laushi a jikin waya. Tsohuwa na kan kujera tana zage ta duka, har tsohon ganyen, tana bazawa a tabarma.

Ya matso bakin shingen.

"Iya..."

"Ban haife ka ba," ta ce. "Wannan in ya bushe zai kai ta mako guda. Daga nan kai ka san dajin da za ka shiga. Matsa, ka tare min rana."