Awon Rimin Kurmin Ɓauna

Zazzaɓi ne ya kayar da ni da azahar a gindin wani rimi a Kurmin Ɓauna. Ofishin gandun daji ya turo mu, ni da Malam Barau, mu auno tsayin tsofaffin itatuwan, ko hukuma ta hana masu zarto shiga. Na jingina da saiwa, idona ya yi nauyi.

Sai ga saiwar ta zama matakala. Wata tsohuwa na zaune a kai tana kaɗi, kanta fari fat kamar audugar rimi.

"'Yar nan, me kike nema?"

"Ƙarshen itacen nan, Iya."

"To, hau. Yana sane da zuwanki."

Na hau ina jan igiyar awo. Na ratsa wani kogi da ke gudana a kan reshe, kifaye na ninƙaya tsakanin ganye. Na wuce gajimare a tsugune yana shan ruwa, har ya ɗaga kai ya yi mini sannu. Can igiyar ta yi magana a hannuna.

"Lantana, ni nan ƙarfina ya ƙare."

Na fashe da kuka, don na san in babu awo, rimin ya zama katako. Wata hawainiya ta leƙo daga kogo, ta juya ido ɗaya gare ni.

"Wa ya ce miki da igiya ɗaya ake auna babba? Dubi ƙasa."

Na duba. Mutane ne cike da kurmin, mata na ƙulla majanai, maza na warware rawuna, masu rijiya sun kawo igiyar guga. Ƙulli na bin ƙulli, igiyar ta taso kamar hayaƙi, ta ɗauke ni har ƙololuwa. A can na tarar da wani ɗan toho, ganye biyu shar, yana rawa a iska.

"Kai ne ƙarshe?"

"Ni ne na yau," in ji shi. "Ki dawo gobe."

Ruwan sanyi ya faɗo mini a fuska, na zabura. Malam Barau ne a tsaye da gora, yana haki.

"Malama Lantana, tashi! Motar masu zarto ta iso bakin rafi, amma mutanen ƙauye sun zauna a kan gada. Mai gari na nemanki."

Na dafa saiwa na yunƙura. Na ce, "Malam, miƙo mini sandar nan in dogara, mu je gadar."