Kwarin Tsamiya, Inda Murya Ke Yankewa

Motar da nake tuƙawa ba tawa ba ce, ta ƙungiyar gari ce. Tsohuwar ƙaramar bas ce da aka cire wa kujerun baya aka shimfiɗa katifa, don ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da ke bayan duwatsu tsakanin Kibiya da Rano. Sunana Ishiyaku. Wanda bai san ni da tuƙi ba, ya san ni da faɗa, don ban iya ganin shirme in kama bakina ba.

A yankinmu wayar hannu ado ce. Da ka bar kwalta ka zagaya bayan Dutsen Gwauro, mayar da ita aljihu kawai, sai dai in za ka duba lokaci. Shi ya sa ƙungiya ta samo mana rediyon oba-oba. Ɗaya a motata, ɗaya a ɗan asibitinmu na wajen Unguwar Gai inda Malama Ramlatu ke aiki, sauran a hannun masu unguwanni da 'yan acaɓa da ke kawo labarin hanya. Oba-oba ba ta da sirri. In ka danna maɓalli ka yi tari, kowa ya ji ka.

Da farko abin bai yi mana rana ba. A jikin bambar gaba na ɗaure eriyar, saboda saman mota wurin kaya ne. Ba na yin nisa sai murya ta koma shuuu, kamar ana suya. Da haushi ya ishe ni sai na ƙara mata waya mai tsawo, ina ganin na yi dabara. Abin ya ƙara lalacewa.

Na kai wa Lukman mai gyaran rediyo a Rano. Ya kalli wayar da na ƙara ya kalle ni.

"Malam Ishiyaku, wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Wani ne," na ce.

"To ka gaya wa wanin, tsawon eriya a aune yake, ba a yi mata ƙari. Kuma ba a ɓoye ta a gindin mota. Ita kamar ido take, inda ba ta hango ba, ba ta ji."

Ya cire wayata ya jefar, ya mayar da eriyar tsakiyar rufin mota, ya kankare fenti don ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ya sauya igiyar da ta tsufa. Gaskiya ta gyaru. Wuraren da a da nake ta ihu a banza, yanzu Malama Ramlatu tana jina sarai. Amma dutse yana nan inda yake, kuma duk wanda ya shiga bayansa ya ɓace.

A nan Hammadu ya shigo cikin maganar. Bafulatani ne, dattijo siriri mara yawan magana, rugarsa tana kafaɗar Dutsen Gwauro, kuma kusan kullum yana can sama da awaki. Daga inda yake zama yana hango asibiti ta gabas, yana hango ƙauyukan bayan dutse ta yamma. Sai aka ba shi ƙaramar oba-oba ta hannu. In na yi magana ya ji, ya miƙa wa Malama. In ta amsa, ya miƙo mini.

Aikin ya dace da shi, ko da yake ni yana ba ni haushi. Zan kafe a laka in zagi hanya, in zagi taya, in zagi wanda ya sayo tayar, sai in ji muryarsa a sanyaye: "Malama, ya ce ya kafe."

"Abin da na ce ke nan, Hammadu?"

"Sauran ba na asibiti ba ne."

Wuri ɗaya ya rage mana, Kwarin Tsamiya. Gangare ne mai zurfi a hanyar da ke fita Rano, duwatsu hagu da dama, rafi a ƙasa. Akwai wata tsohuwar tsamiya a bakinsa. Da ka wuce ta, Hammadu ya ɓace, kuma ba ka sake jin kowa sai ka hau kwalta inda waya ke kamawa. Lukman ya ce maganin ba wuya. A samo gora mai tsawo a kafa a ƙololuwar dutsen, a ɗaura eriya ta gaske a kanta, a ja igiya zuwa rediyon Hammadu. In ta ɗaga sama za ta leƙa har cikin kwarin.

Hammadu ya ƙi. Damina ce, kuma shanunsa a ƙarƙashin wurin suke kwana.

"Ba zan kafa wa aradu tsani a kan shanuna ba," ya ce.

Lukman ya yi masa bayanin wayar da ake binnewa a ƙasa don ta janye tsawa. Ni kuma na kira shi matsoraci a gaban mutane, na ce shanu sun fi masa rayukan bayin Allah. Murmushi kawai ya yi, ya ce a bari sai kaka. Aka bar maganar a haka.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye a jiƙe. Da hantsi ina wanke mota sai na ji shi.

"Ishiyaku, mai unguwar Tudun Ƙaya ya kira. Mace ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Gidan Bello. Ka yi sauri."

Muryarsa yadda take kullum. Ban kawo komai a raina ba, don Bello ba ɗaya ba ne a ƙasar nan. Sai da na isa, mata suka fito da ita a tabarma, na ga fuskarta. Fanta ce, 'yar farin Hammadu. Mijin nata Bello yana can kudu da shanu.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Mu ma muna yi, amma ta Fulani ta fi tamu nauyi. Tun da aka haifi Fanta, Hammadu bai taɓa kiran sunanta ba. Bai ɗauke ta a gaban mutane ba, bai zauna hira da ita ba. In dole ta kama ya ambace ta, sai ya ce "yarinyar nan", bayan aurenta kuma "ta gidan Bello". Ba ƙi ba ne. Na sha ganin ya tsayar da ni a hanya ya miƙo ƙwaryar man shanu ya ce, "In ka bi ta Tudun Ƙaya ka ajiye wannan," ba tare da ya ce wa za a ba ba.

Aka kwantar da ita a katifa. Jummai ungozoma ta shiga ta zauna kusa da ita, jaririyar a naɗe cikin zane a cinyarta. Na ja mota. Na ɗauki mata da yawa a motar nan kuma na san yadda leɓe ke yin fari.

"Hammadu, gaya wa Malama mun taso. Jinin da yawa."

Jim kaɗan ya dawo. "Ta ce kada ka zo wurinta, ka wuce Rano kai tsaye. Za ta buga musu waya su tanadi jini. Ta ce Jummai ta murza mata mara da ƙarfi, kada ta ji tausayi. Ta ce a sa wa jaririyar nono a baki, yana taimakawa."

Mutumin da ko sunanta ba ya iya faɗa, ga shi yana faɗin mararta da nononta a kunnen duk ƙasar. Kuma a ranar bai tace komai ba. Duk abin da Malama ta ce, haka ya miƙo shi, kalma bayan kalma.

Wani ɗan acaɓa ya shigo layi ya ce rafin gajeriyar hanya ya cika, ko babur ba ya haurawa. Hammadu ya maimaita mini, ya ce in bi ta Kwarin Tsamiya.

"Hammadu," na ce, "ka sauko. Ka sami mai babur ya kawo ka Rano."

"In na sauko, wa zai ji ka?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushin gaskiyar.

Muna cikin tafiya, mota tana zamewa a laka, sai Jummai ta taɓa kafaɗata. "Tana magana. Wai muryar Baffanta take ji."

"Shi ne," na ce.

"Wai a ba ta."

Igiyar abin maganar tana da tsawo. Na miƙa baya, Jummai ta kara mata a baki ta danna maɓallin. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Baffa, ni ce."

Jummai ta saki maɓalli. Shiru.

"Baffa, kana jina?"

Na san abin da ke faruwa a kan dutsen nan kamar ina tsaye a wurin. Masu unguwanni suna ji, 'yan acaɓa suna ji, Malama tana ji, kuma duk sun san wace ce da wane ne. Muka ji ƙarar maɓalli an danna, muka ji numfashi, aka saki. Aka sake dannawa, aka sake saki.

Na fizgo abin maganar. "Hammadu, ka amsa mata mana! Wace irin kunya ce wannan? Ga tsamiya nan a gabana!"

Na mayar wa Jummai. Tsamiyar tana matsowa. Na san in na taka birki a bakin gangaren na jira, zai yi magana, don na san mutumin, yana tattara kansa ne. Na waiwaya na ga zanen da ke ƙarƙashinta ya jiƙe har ya zubo ƙasan mota. Ban tsaya ba. Ko yau aka maimaita ba zan tsaya ba, amma hakan bai hana abin ci mini rai ba.

Muka gangara. Rediyo ta koma shuuu. Fanta ta riƙe abin maganar a ƙirjinta da hannu biyu, ba ta yarda Jummai ta karɓa ba. Kafin mu hau kwalta idonta ya rufe.

A Rano suna jiranmu a ƙofa. Sun yi iya yinsu, an ɗaura jini, an shiga da ita ciki. Bayan la'asar wata ma'aikaciya ta fito ta kira Jummai gefe, ni kuma na gane tun kafin ta buɗe baki. Jaririyar ta rayu.

Malama Ramlatu ce ta gaya mini sauran, tana faɗa tana share ido da gefen hijabi. Ta ce bayan na yi masa ihu, an ɗan jima, sai suka ji muryarsa.

"Ya ce, 'Fanta.' Ya ce, 'Fanta, ina jinki. Ga ni nan.' Ya yi ta faɗa, Malam Ishiyaku. Ya yi ta kiran sunanta. Duk muna ji, babu wanda ya iya sa baki."

Kowa ya ji, ban da mota ɗaya.

A wurin zaman makoki na gaishe shi cikin mutane, ya amsa yadda ake amsawa, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Da na tashi tafiya ya biyo ni har gindin mota. Ya daɗe yana kallon eriyar da ke kan rufi.

"Ishiyaku, lokacin da na yi magana, kun wuce tsamiyar?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma babu wanda ya fi shi sanin inda muryata ke yankewa.

"Mun wuce," na ce.

"To," ya ce. Ya juya ya koma cikin mutane.

Damina ba ta ƙare ba ya aiko a kira Lukman. Shi da kansa ya saro gorar a fadama, ya hau da ita dutsen a kafaɗa, bai yarda kowa ya kama masa ba. Shanun ya mayar da su ɗaya gefen. Lukman ya ɗaura eriya, ya ja igiya, ya binne wayar tsawa, aka tokare gorar da duwatsu aka ɗaure ta ta ko'ina. Sannan aka ce in je in gwada.

Na tuƙa ni kaɗai. Na wuce tsamiya, na gangara har bakin rafi, inda ya fi ko'ina zurfi, na kashe mota. Ban ko kai hannu ba sai rediyo ta buɗe.

"Ishiyaku, kana jina?"

Tar, kamar yana zaune a kujerar gefena.

"Ina jinka, Hammadu."

"A ina kake?"

"Cikin kwarin. Ƙasa sosai, tayata tana taɓa ruwa."

"Ka tabbata ka wuce tsamiyar?"

"Na bar ta can sama."

Da ya sake magana muryar ba tasa ba ce.

"Ashe gora ɗaya ce kawai," ya ce.

Bai saki maɓallin ba. Ban sani ba ko mantawa ya yi, ko kuwa ya daina damuwa da wanda ke ji. In mutum ɗaya ya riƙe maɓalli, babu wanda zai iya shiga layi, sai dai saurare. Haka muka saurara, ni da Malama da masu unguwanni da 'yan acaɓa, dattijon nan yana kuka a kan dutse. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na kifa kaina a kan sitiyari, na bar rediyon a kunne har ya gama.