Yadda Egide Ya Zama Ɗan Samo

Egide Nibizi ya sauka Wagadugu daga Burundi da akwati ɗaya da rigunan sanyi biyu waɗanda bai taɓa sawa ba. Karatun injiniyan ruwa ya kawo shi, aka haɗa mu ɗaki a gidan ɗalibai. Ni sunana Wendkuni Tapsoba, ɗan ƙabilar Mosi ne.

A satinsa na biyu na kai shi rumfar Maman Drabo da ke bayan jami'a, inda muke cin benga, shinkafa da wake da mai. Muna cikin ci sai ga Farfesa Nikiema, mutumin da ko tari ba a yi a ajinsa, ya jingine babur ya shigo. Maman Drabo ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ga bawana ya iso. Kai Mosi, wanke hannu tukuna, kada ka ɓata mini kwano."

"Zuba mini, tsohuwar mai cin kare," in ji Farfesa. "Ba don mu ba da har yanzu a kan bishiya kuke kwana."

Kowa ya ci gaba da cin abincinsa. Egide kuwa ya ajiye cokali, ya dubi ƙofa, ya ce mini mu tafi.

Da muka koma ɗaki sai na ga ya ciro fasfonsa ya sa a aljihun wando. Ya tambaye ni tun yaushe abin ya fara, kuma ko gwamnati ta sani. Sai da na yi ta tambayarsa kafin na gane nufinsa. Ashe ya ɗauka faɗan ƙabilanci ne ke shirin ɓarkewa. Ya ce a ƙasarsu ba a ambaton ƙabilar mutum a gaban jama'a, kuma kakarsa ta gaya masa in ya ji an fara irin wannan magana a kasuwa, ya nemi hanyar gida.

Na yi masa bayani cewa Maman Drabo 'yar ƙabilar Samo ce, Farfesa kuma Mosi, abokan wasa ne tun kaka da kakanni, zagin nan shi ne gaisuwarsu. Ya ce to me ya sa ba su yi dariya ba? Na ce ai in an yi dariya wasan ya lalace.

Egide mutum ne mai son tsari. Ya sayi ƙaramin littafi ya shiga rubuta wa ke zagin wa: Mosi da Samo, Bisa da Gurunsi, Bobo da Fulani. Ya ja kibiyoyi tsakaninsu kamar zanen bututun ruwa. Ya tambaye ni inda baƙo yake shiga, na ce ban sani ba, ba a taɓa tambayata ba.

Wata ranar Talata Farfesa ya shigo aji a makare. Egide, wanda ya gaji da zama bare, ya miƙe daga layin gaba cikin ladabi ya ce, "Barka da zuwa, bawana."

Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya tambaye shi ko shi ɗan Samo ne. Egide ya ce a'a.

"To da izinin wa? Je ka wurin matar nan mai wake. In ta yarda ta karɓe ka, ka dawo. In ba ta yarda ba, mu haɗu a ofis."

Da ya je ya gaya mata, Maman Drabo ta yi dariya har ta zauna a kan buhun wake. Ta ba shi kofin zomkom, ruwan gero mai sanyi, ta ce daga yau ɗanta ne, sunansa Egide Drabo.

Daga nan abin ya rikice masa gaba ɗaya. Duk ɗan Mosi da ke jami'ar ya samu abokin wasa. Mai gadi ya kira shi ɓarawon akuya. Wata yarinya a ɗakin karatu ta ce ya tashi ya ba uwargijiyarsa kujera. Ni kaina na daina gaishe shi da safe sai da zagi. Yakan tsaya da murmushi rabi, yana laluben littafinsa, bai san ko ya rama ko ya ba da haƙuri ba.

Ƙarshen zango ya kai wa Farfesa rahotonsa kan rijiyoyin burtsatse. Farfesa ya duba shafi uku ya ce wannan aikin banza ne, ko jaki ba zai sa hannu a kai ba. Egide ya ɗauka wasa ne, ya yi murna, ya ce jakin ma ai Mosi ne, ya fito yana ba ni labari. Da sakamako ya fito sai ga shi ya faɗi. Lissafin zurfin ruwan ne bai yi daidai ba.

Aka ba shi damar sake kaiwa, sati biyu ya yi yana gyara. Ranar da zai mayar, ya roƙe ni in raka shi in tsaya bakin ƙofa in saurara, don in fassara masa ko wasa ne ko gaske. Na ji Farfesa yana juya shafuka, can ya ce, "Hm. Ɗan Samo ya iya ƙidaya. Duniya ta lalace."

Egide ya fito ya kama hannuna. "Na ci ko ban ci ba?"

Na ce masa gaskiya ni ma ban sani ba, mu jira a liƙa sakamako ranar Juma'a.