Ranar da Habu Ya Hau Katanga

…ai ba ciwon ba ne, shi da bakinsa ya faɗa. Maganar da Lidiya ke ta juyawa ke nan a kan bencin asibiti, jakarta a cinya, jinin goshin Habu ya bushe a gefen zanenta. "Madam, ba ciwon ba ne. Ƙafata ce ta goce." Mutum na kwance a gindin katanga, ƙafa ta juye ta kalli inda bai kamata ba, amma damuwarsa ɗaya, kar a ce farfaɗiya ce ta kada shi.

Sun shiga da shi ɗakin hoto tun ɗazu. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce ƙashin cinya ne, ya ce a jira. Tana jira. Me ya rage mata ban da jira?

Turmi. Turmin Kaltuma mai dafa musu abinci ya jawo, ya kife a jikin katanga, ya taka ya hau. Habu, dattijo mai furfura, cikin farar rigarsa ta Juma'a… yaushe ma ya jawo shi? Tana cikin buro, ofishinta, taga a buɗe, ba ta ji ba. Ko ta ji? Ta ji wani gurr a tsakar gida, ta ce a ranta Kaltuma ce za ta yi daka. Da azahar? Wa ke daka da azahar?

Gidan nata ne, haka kowa ke cewa a Kara-Kara, gidan Madam Lidiya. Ba nata ba ne, na ƙungiya ne, ita dai aka ɗora wa. Ɗakuna jere, rumfa, famfo ɗaya. Masu farfaɗiya, da tsofaffin da hankali ya fara barin su, da waɗanda dangi suka gaji. Da can ƙofa a buɗe take wuni. Habu ya shimfiɗa tabarma a waje ƙarƙashin dogon yaro yana tufka igiya, masu akuya su tsaya su saya, su yi ta gardamar farashi har la'asar — shi ba cinikin ne ya dame shi ba, hirar ce.

Sai Yakuba.

A'a. Ba yanzu ba.

…Yakuba dai. Daminar nan da ta wuce. Tsoho ne, mantuwa ta ci ƙarfinsa, ya fita da safe wai zai duba gonarsa, gonar da ke can Droum, wadda aka raba tun kafin a kawo shi. Ba wanda ya ga fitarsa. Sun bi unguwa lungu-lungu suna kiran sunansa, ita da Sama'ila mijinta a kan moto, babur ɗinsa, har rana ta take. Masu yin tubali ne suka gan shi a tapki. Ruwan bai kai ƙugu ba. Bai kai ƙugu ba! Ita ta tsaya aka juyo shi, ita ta ga laka a cikin bakinsa, ita ta kira ɗansa a waya. Wa zai ga wannan ya bar ƙofa a buɗe? A faɗa mata, wa?

A taron komite ba wanda ya tilasta mata. Ita ta miƙe. A sa kwaɗo, ta ce. Kowa zai fita, sai da ɗan rakiya. Duk suka gyaɗa kai, shugaba ya ce Madam ta yi magana. Wani ma ya ce a jera fasassun kwalabe a kan katanga, ta ce a'a, nan ba gidan kaso ba ne. Har ta ji daɗin kanta da ta faɗi haka. Ba gidan kaso ba ne…

Wata mata ta wuce da kwanon fura a rufe. Ƙamshin sabon gero. Kaka ta yi, ashe.

Ɗan rakiya. Da baki abu ne mai sauƙi. Adam ne ɗan rakiyar, mai haƙuri, ya san yadda ake juya mutum a kan gefensa in ya faɗi, ba ya gudu, ba ya tofar da yawu. Ya tafi Agadas neman abin da ya fi. Ta kai kuka komite, a ba ta wani, aka ce ana dubawa. Ana dubawa har yau. Doka tana nan, mai rakiya babu. To me ya rage? Kwaɗon kawai.

Sha'ibu mai gadi? Ta roƙe shi. Ya ce, "Madam, ki sa ni kowane aiki, ban da wannan." Wai sau ɗaya Habu ya taɓa faɗuwa a cikin sahu, mutane suka dare, wani ya ce kar kumfar ta taɓa ka, ana ɗauka. Shi ba zai iya da idon jama'a ba. Ta yi masa bayani har ta gaji, ba a ɗauka, ba iska ba ce, ciwo ne kamar kowane ciwo. Ya ce ya yarda. Yau ma da ya yarda ɗin, tun hantsi ya kulle ƙofa ya wuce masallaci shi kaɗai.

Kuma Habu ya daɗe bai faɗi ba. Yana shan maganinsa, ba ya tsallakewa, shi ke tuna wa Maryama, mai irin ciwonsa, nata. Ba shi da mantuwa. Bai taɓa ɓata ba. Shi ba Yakuba ba ne. Ta sani, ai ta sani — amma in ta buɗe wa ɗaya, me za ta ce wa sauran? Ladi ma za ta ce ita fa? Ladi da ke bin duk motar da ta gani wai ɗanta na ciki.

Sama'ila ya faɗa mata wata rana suna cin tuwo. "Kin kulle Yakuba ne, Lidiya, shi kuwa ya riga ya tafi." Ta ture kwano ta tashi. Shi malamin makaranta ne, me ya sani? Yaransa da yamma kowa na komawa gidan ubansa.

Tun da aka sa kwaɗon Habu ya daina tufka. Kabar tana nan a jiƙe har ta yi baƙi. Ya dawo da tabarmarsa bakin ƙofa ta ciki, inda ƙarfen ya ɗan rabu da bango, yana kallon ƙafafun masu wucewa. Wani ya gane shi ta tsagar ya ce, "Malam Habu, kana ciki?" Ya ce, "Ina ciki." Ta ji da kunnenta. Ta wuce ta shiga buro.

Yau ya zo har bakin buro. Ya yi wanka, ya sa turare, hula a kai.

"Madam, an yi kiran farko."

"Malam Habu, ka san babu mai raka ka."

"Masallacin nan ne fa. Ga shi can, ana ganin hasumiya."

"Juma'a mai zuwa, in Allah ya yarda."

Haka ta ce wancan mako. Da wanda ya gabace shi. Bai yi musu ba. Ya ce to. Ɗan makullin kwaɗon na biyu yana cikin jakar nan da ke cinyarta, yana ciki a lokacin ma. Ta yi tunanin ta tashi ta raka shi da kanta, wallahi ta yi — ta tsaya daga nesa a inuwa har a sallame. Sai ta ce, ita Kirista, mace, a tsaye kusa da masallaci ranar Juma'a, me za a ce? Kuma wa za ta bar wa gidan, Kaltuma ita kaɗai da wuta a murhu? Dalilai masu kyau. Duka masu kyau ne. Ko yanzu ta jera su ba wanda zai ce ta yi ƙarya.

Ya Ubangiji, to me ya sa ba sa kwantar mata da hankali?

Takun silifa. Ta ɗaga kai. Sa'a ce, yayar Habu, tsohuwa, ta taso tun daga Gidimuni da aka kira ta, ƙullin kaya a kai. Lidiya ta miƙe. Gara ta zage ta. Ta zage ta a gaban kowa, ta huta.

"Sannu, 'yata. Sannu da ɗawainiya. Allah ya saka miki."

Wayyo. Ban da wannan.

Sa'a ta zauna, ta sauke ƙullin, ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin hoto. "In ƙafar ta ɗinke, gida zan tafi da shi. Ko a bakin garka ya zauna, ya ga mutane."

Gidimuni. Tapki ne fa a can, babba, ga rijiyoyin garka a lambuna ba murfi, ga wutar girki a kowane tsakar gida, maganin ma wa zai riƙa karɓo masa? In ya faɗi a bakin ruwa… Maganar ta taho har bakinta, a shirye, daidai yadda ta faɗe ta a gaban komite. Ta buɗe baki. Ta rufe.

Waya na ruri a cikin jaka. Sha'ibu.

"Madam, Maryama ce ta matsa, wai za ta je ta gaida ƙanwarta nan bayan famfon unguwa, ta dawo kafin magariba. Tana tsaye a bakin ƙofa. In buɗe mata, ko in bari?"

Maryama ma tana shan maganinta. Maryama ma ba ta taɓa ɓata ba. Bayan famfo kuwa, in an ɗan gangara, tapkin nan ne, bai gama ƙafewa ba.

"Madam? Kina ji na?"

Tana ji. Sa'a ta juyo tana kallon ta. Ƙofar ɗakin hoto ta fara buɗewa.

"Madam…?"