Akwala ko Ɗan Gayu

Ran Litinin da safe Manaja ya leƙo ɗakin masu rubuta manhaja, bai ko shigo ba, ya ce wa Dattijo, "Ranka ya daɗe, kai ne babba a nan. Zuwa Alhamis ka faɗa mana wanne za mu riƙe, Akwala ko Ɗan Gayu. Gardamarku ta ishe ni." Ya ja ƙofa ya yi gaba abinsa, kamar wanda ya aiki mutum sayen gishiri.

Duk mai rubuta manhaja yana da wata manhajar da yake rubutun a cikinta, kamar yadda tela yake da keke. Tasu ta wannan ofis ta tsufa, shi ya sa suke ce mata Akwala. Baƙin allo ne da fararen baƙaƙe, ba ado ba kwalliya, komai da madannan rubutu na kwamfuta ake yi. Shekara goma sha tara Dattijo yana aiki da ita, har yatsunsa sun haddace ta fiye da kansa. Ɗan Gayu kuwa sabon shiga ne. Kana rubutu yana ja maka jan layi siriri a ƙarƙashin kuskurenka, yana tsinkayo abin da za ka rubuta ya nuna maka shi da launin toka-toka, ga ƙananan maɓallai birjik a kowace kusurwa. Mutum uku ma suna iya rubutu a fayil ɗaya lokaci guda, kowa da launinsa.

Kusurwoyin nan su ne damuwar Dattijo. Wata shida da suka wuce likita ya gaya masa yana da hawan jinin ido, kuma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Ganinsa yana ta tsukewa daga gefe, yanzu duniya kamar ta cikin bututu yake leƙenta. Abin da ke gabansa sak yana gani, na gefe kuwa babu. Da Akwala wannan bai hana shi komai ba, don ko ya rufe ido yatsu sun san hanya. Da Ɗan Gayu kuwa, a ganinsa mako guda ya isa kowa ya gane. Matarsa kaɗai ta sani. Tsoro yake ji ƙwarai, don bai iya wata sana'a ba, kuma bai san me zai yi da kansa ba in aka ce ya je gida ya huta.

Sai dai yana da wata dabara. Su uku ne a ɗakin: shi, da Dogo, da wata matashiya da kowa ke kira Uwar Gardama. Shi ya koya musu aiki su biyun. Shekara guda cur Uwar Gardama tana huda masa kunne a kan Ɗan Gayu, Dogo yana ɗaga mata kai. Ya ƙudurta zai bar su su yi ta yabonsa, shi kuma ya ɗan tono aibu biyu-uku, ya ce a ƙara shekara. Ai babba ba ya rasa abin cewa.

Bai ko fara ba sai ya ji gyaran murya ta hagunsa. Dogo ne. Kwanan nan ya tsiri wannan ɗabi'a, ba ya zuwa teburin Dattijo sai ya yi gyaran murya tun daga nesa. Har Dattijo ya taɓa ce masa ya nemi maganin tari.

"Baba," in ji Dogo, "ni fa Ɗan Gayun nan launukansa ciwon kai suke sa ni."

Dattijo ya juya kansa gaba ɗaya ya dube shi. Rigar da ke jikin Dogo launi biyar ce, kowanne yana faɗa da ɗan'uwansa. "Kai? Launi?"

"Wallahi kuwa. Mu zauna da Akwalarmu."

Kafin ya gama haɗiye wannan sai ga Uwar Gardama ta jawo kujera ta zauna a gabansa daidai. Ita ma sabon salo ke nan, da can a tsaye take magana tana zagaye ɗaki.

"Baba, na sake tunani. Ɗan Gayu nauyi gare shi. Kwamfuta zafi take yi, sai ka soya ƙwai a kanta."

"Ke ce fa kika ce Akwala ta zamanin kakanninki ce."

"Ƙuruciya ce."

"Watan jiya ne."

"To, na girma."

Ta tashi ta koma wurinta. Dattijo ya zauna baki buɗe. Abin da yake nema ne aka miƙo masa a faranti, amma maimakon ya ji daɗi sai kansa ya ɗaure. Tun da ya san yarinyar nan ba ta taɓa janye magana ba, ko da kuwa a kan lokacin shan shayi ne.

Ran Talata ya ce bari ya gwada da kansa, don shi mutum ne da ba ya yarda da ji-ta-ji-ta a kan aiki. Ya zana layuka a takarda: sauri, kama kuskure, aikin haɗin gwiwa, nauyi. Ya ɗauko manhajar da suke rubuta wa wani shagon magani, wadda ke tuna wa mai shago ranar da magani zai lalace, ya buɗe ta a Ɗan Gayu. Ya ɗora tafin hannu a kan kwamfutar yana jiran zafi. Sanyi ƙalau. Ya jira minti ashirin, ko ɗumi babu. Da yake bin allon a hankali, yana yawo da kai daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya ci karo da jan layi a wani wuri da shi da kansa ya rubuta bara. Ya duba, ya sake dubawa. Kuskure ne na gaske: duk maganin da zai lalace a ranar ƙarshe ta wata, manhajar tsallake shi take yi. Shekara guda yana nan kwance, Akwala ba ta ce uffan ba.

Ya gyara, sannan ya cika takardarsa. Ɗan Gayu ya cinye kowane layi. Ya ƙara wani layin, ya rubuta "sabo da juna", ya ba Akwala maki goma, ya ji kunyar kansa, ya soke.

To me ya sa yaran nan suke masa ƙarya? Ya juya wannan tambaya ta kowace fuska. Ko Manaja ne ya haɗa baki da su, a ga ko tsoho zai zaɓi tsohon abu, a sami dalilin sallamarsa? Ko wani kamfanin ne ya yi musu tayi, ba su damu da abin da za a bari a nan ba? Ko kuwa sun raina shi ne, suna ganin ba zai iya koyon sabon abu ba? Ya waiwaya wajen Uwar Gardama don ya karanci fuskarta, sai ya same ta ta jingina da kujera, abin sauraro a kunne, ido a rufe, yatsu a kan madannai. Karo na uku ke nan a makon.

"Ke! Barci ake biyan ki ko kiɗa?"

Ta zabura ta cire. "Yi haƙuri, Baba."

Ko musu ba ta yi ba. Wannan ya fi komai ruɗa shi.

Da yamma ya koma gida, ya tarar matarsa tana kwashe shanya. Ya zauna a bakin ƙofa ya zayyana mata duka, har da zargin Manaja. Ta saurara tana ninke zannuwa, sannan ta ce, "Malam, ni ban san Akwala ba, ban san Ɗan Gayu ba. Abin da na sani, makon nan sau biyu kana taka kyanwa, jiya kuma ka gaida labule."

"Iska ce ta kaɗa shi."

"Ka tambaye shi iyali."

Ta ajiye kwandon shanyar ta zauna kusa da shi, ta ɓangaren da yake gani. "Ka gaya musu mana. Kai ka raine su."

"In gaya musu me? Cewa mai duba aikinsu ba ya gani?"

"To zaɓi tsohuwar ka huta."

"Tana tsallake kuskure. A shagon magani."

"To zaɓi sabon."

"Sai asirina ya tonu."

Ta ɗauki kwandonta. "Ka ga, ni tukunyata na kan wuta. In ka gama zagayen ka shigo ka ci abinci."

Laraba ta wuce bai tsinana komai ba. Ya rubuta wa Manaja saƙo cewa Akwala, ya goge. Ya rubuta Ɗan Gayu, ya goge. Ya rubuta cewa a haɗa biyun, ya tuna shi ne ya sha faɗa musu cewa ɗaki ɗaya ba ya aiki da kayan aiki biyu, ya goge. Duk inda ya juya sai ranar ƙarshe ta wata ta dawo masa, da wata uwa da bai sani ba tana karɓar kwalbar magani a kan kantar shagon.

Ran Alhamis suka taru a ɗakin nasu, Manaja yana tsaye yana duba agogo. Dattijo ya miƙe da takardarsa.

"Ɗan Gayu," ya ce.

"A'a, Baba!" Dogo da Uwar Gardama suka faɗa tare.

Manaja ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ikon Allah. Ba ku ne kuka hana ni sakat a kansa ba? Shi kuma ba shi ne ya ce sai bayan ransa ba? Musanya kawuna kuka yi?"

"Nauyi gare shi," in ji Uwar Gardama.

"Na gwada, ba shi da nauyi."

"Launuka," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa.

"Dogo, dubi rigarka." Dattijo ya ajiye takardar. Ransa ya ɓaci sosai. "Ni na koya muku aikin nan. Na taɓa koya muku ku yi wa aiki ƙarya? Ku faɗa mini gaskiya, me kuke nufi da ni?"

Uwar Gardama ta sunkuyar da kai, shi kuma ya bi inda take kallo. A ƙasa, wayar wutar da ta ratsa tsakiyar ɗakin an manne ta da faffaɗan tef ruwan ɗorawa, tun daga bango har teburinsa. Ya sha yin tuntuɓe da wayar nan, kuma sai yanzu ya lura ya daɗe bai yi ba. Ya juya a hankali. Kwandon shara da yake yawan shura ya koma bayan ƙofa. Kofin shayinsa, da kullum yake samu a gaban allo daidai ko a ina ya bar shi, yana nan a gaban allo daidai. Ya tuna gyaran muryar Dogo. Ya tuna kujerar da ake jawowa a zauna a gabansa.

Ya koma ya zauna. "Tun yaushe?"

"Wata huɗu," in ji Dogo. "Ranar da na miƙo maka hannu ta gefe, ka bar ni tsaye."

"Me ake ciki ne?" in ji Manaja.

"Idona ne ke tafiya, ranka ya daɗe," Dattijo ya ce. Wata shida yana gudun wannan magana, ga ta ta fita cikin numfashi ɗaya. Kunya ta lulluɓe shi, ba ta ciwon ba, ta wahalar da ya sha yana ɓoye abin da kowa ke tayawa ɓoyewa. "Amma zaɓina yana nan. Ɗan Gayu ya fi. Ya kama kuskuren da ni ban kama ba. In ni ne ba zan iya bin sa ba, wannan matsalata ce, ba ta shagon magani ba."

Manaja ya buɗe baki, Uwar Gardama ta riga shi. Muryarta ta dawo irin ta da.

"Wa ya ce ba za ka iya ba? Yana magana fa, Baba. Ɗan Gayu yana karanta komai da murya, har jan layin, har kusurwoyin. Mako uku ina koyonsa ido rufe, kana ce mini mai barci. Ban gama iyawa ba ne, na so a ƙara mana lokaci. Kuma ta yaya zan nuna maka ba tare da na ce mun sani ba?"

Ba ta jira izini ba. Ta ɗauko abin sauraron, ta zo ta gabansa, ta sa masa a kunne, ta buɗe aikin da take yi a makon. Wata murya ta fara zuba kamar famfo, ko kalma ɗaya bai kama ba.

"Wannan ai sauri yake yi kamar mai shelar gwanjo," ya ce.

Ta rage saurin. Ya rufe ido. Da farko surutu ne kawai, sai kuma layukan suka fara tsayuwa a kansa ɗaya bayan ɗaya, yadda suke tsayuwa tun yana saurayi, ba bututu, ba gefe, ba tsakiya. Yatsunsa suka lallaɓa suka sami madannai. Ya sauka layi goma, ya sauka ashirin. Har Manaja ya manta da agogonsa.

Can sai ya tsaya. Ya koma baya layi biyu, ya sake saurara.

"Layi na arba'in da bakwai. An buɗe fayil, ba a rufe ba. Ɗan Gayun ma bai gani ba. Wa ya rubuta wannan?"

Uwar Gardama ta goge ido da bayan hannu. "Ni ce, Baba."

"Shekara nawa ina faɗa miki?" Bai buɗe idonsa ba. "Jawo kujera ki gyara, ina ji."