Rabon 'Yan Ƙarshen Tebur

Fili guda ɗaya ne tal a Doka, kwalejojin da ke son sa kuwa huɗu. Tsohon filin tanis ne a bayan wani gidan hutawar ma'aikata, simintinsa ya yi sumul kamar bayan faranti, kuma a duk arewacin kogi nan ne kaɗai takalmin taya ke gudu bai faɗa rami ba. Shi ya sa Koci Ɗahiru, wanda ya kawo wa 'yan matan wasan hokin kan taya, ya yanka musu doka. Kowace Juma'a, bayan an sauko masallaci, za a kara. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya, in maki ya zo daidai sai a duba wa aka fi zura wa ƙwallo. Ƙarshen wata a jera su a allo. Ta farko ita ke fara zaɓar lokacin atisayenta na Asabar da Lahadi, ta ƙarshe ta ɗauki abin da aka rage.

Abin da ake ragewa kullum shi ne bayan azahar, lokacin da simintin ke hucin wuta, tayoyin roba su yi laushi suna kama ƙasa. Tun da aka fara, wannan rabon 'yan kwalejin ungozoma ne, don ba su taɓa barin gindin tebur ba.

Nafisat ce golarsu, kuma ita kaɗai ce a cikinsu ba ta taɓa tsine wa ranar ba. Tana da goyo, Hafsat, wadda ko rarrafe ba ta fara ba. Mijinta Sharhabil yana garejinsa tun safe har magariba. Surukarta, Hajiya Uwani, da safe tana shago, bayan la'asar tana makarantar matan aure, ba ta fashi ko ana ruwa. Tsakanin azahar da la'asar ne kawai hannunta ke sake. Nafisat kuwa ta riga ta yanke: ba za ta bar 'yarta a hannun yaran maƙwabta ba, ba kuma za ta kawo ta bakin fili ba, inda ƙwallo mai tauri kamar ɗanyar gwaiba ke tashi ba sallama.

Saboda haka wannan ranar da kowa ke gudu ita ce tata. Takan shayar da yarinyar, ta miƙa wa Hajiya ita, ta tari Keke mai ƙafa uku daga Unguwar Dosa. In ta ɗaure takalman ta tura ƙafa ɗaya, sai nauyin gida ya zame daga kafaɗarta. Kawalwalniya kan kwanta a ƙarshen filin kamar tafki, 'yan matan su riƙa ratsa ta da dogayen wanduna da hijabi a ƙarƙashin hular kwano, ƙafafunsu sun ɓace cikin ruwan da babu shi. Ƙarar tayoyin kamar yayyafi a kan kwano daga nesa. Wani lokaci, kafin a fara, takan zagaye filin idonta a lumshe, ta ji kamar iska ce ta goya ta.

Sai ga shi a wannan watan abin ya juya. 'Yan ungozoma sun sha kashi mai muni a makon farko, suka rama a na biyu, kuma kowace kwaleji haka ta yi: ci ɗaya, faɗuwa ɗaya. Ranar Juma'ar ƙarshe, 'yan malanta da 'yan aikin gona na Rigachikun suka tashi canjaras. Saura su da 'yan kasuwanci.

Fadila, kyaftin ɗinsu, ta tara su a inuwar darbejiya tana lissafi da kan sanda a ƙasa.

"Ku saurare ni da kyau. In mun ci, mu ne saman tebur. In an yi canjaras, wannan kwandon ƙwallayen da aka ɗura mana a makon farko zai mai da mu gindi. Babu tsakiya."

"Wayyo la'asar!" in ji Hansai, mai tsaron baya, tana shafa kumatunta. "Ku dube ni don Allah. Da na shigo makarantar nan fara ce ni. Jiya ƙanwata ta buɗe mini ƙofa ta ce wa kike nema."

"Ke da ma can gawayi ce," wata ta ce, aka kwashe da dariya.

Fadila ta buga hular Nafisat da tafin hannu. "Maman Hafsat, yau ko ƙuda kar ya wuce ki."

Nafisat ta yi murmushi ta ja ragar fuska. Ba ta taɓa gaya musu komai ba. Ta yaya za ta ce wa mutum bakwai su ci gaba da gasuwa saboda ita? Amma ta san abin da allon zai yi mata. In suka hau sama, la'asar za su zaɓa, ita kuma sai ta wanke takalman ta mayar wa Koci.

Wasan ya wuce mata kamar abin da ake kallo ta cikin labule. Fadila ta ci, aka farke, Hansai da kanta ta zille daga baya ta ƙara ta biyu har tana faɗuwa. Nafisat tana tsugune a bakin raga, gumi na bin bayanta, ƙirjinta ya fara cika a ƙarƙashin sulken roba, alamar can gida an kusa farkawa. Tana ganin Hafsat a zuci, kwance a tabarmar Hajiya, hannu ɗaya a dunƙule kusa da kunne.

Ana gab da tashi Hansai ta maƙale takalmin wata da sanda. Koci Ɗahiru ya busa usur ya nuna tsakiyar fili. Fenareti, kuma daga shi sai tashi.

Aka share filin. 'Yar kasuwancin, doguwa mai jan hijabi, ta taho ita kaɗai daga cikin kawalwalniya, a hankali, kamar jirgin ruwa. Nafisat ta san ta. Hagu take nunawa ta buga dama, ƙasa-ƙasa. Abin da ake bukata kaɗan ne: ta bi hagun. Ba wanda zai zarge ta. Za a ce an yaudare ta, a rungume ta, gobe Asabar ta dawo cikin ranarta.

Ta ji nauyinta ya fara karkata hagu. Sai ta hango Hansai a gefe ta durƙusa, ta rufe fuska da safar hannu, tana jiran laifin ya faɗo a kanta.

Ƙafar dama ta miƙe. Ƙwallon ya daki katifar ƙaurinta, tim, ya gangara gefe.

Ihun ya iso mata a makare. 'Yan ungozoma suka danne ta, sanduna na zuba, wata na kuka, Hansai na sumbatar hularta. Koci ya ɗauki alli ya sake jera sunaye a allon da ke jingine jikin wayar shinge, ya rubuta Ungozoma a sama, ya ja layi.

"To, manya," ya ce, "yau ku ne da wuƙa. Wane lokaci?"

"La'asar!" suka haɗa baki.

"Fadila, tsaya." Nafisat ta cire hular. "Ku zaɓa, hakkinku ne. Amma ku fara neman gola. Ni ban da mai riƙe mini yarinya sai bayan azahar."

Fadila ta dube ta, ta dubi ragar.

"Tun yaushe kika san haka?"

"Tun farko."

"Kuma kika tare?"

"Saura kaɗan ban tare ba."

"Innalillahi," in ji Hansai. "Wato munafukar nan duk watannin da muke soyuwa ita daɗi take ji."

"Wallahi daɗi nake ji," Nafisat ta ce, hawaye da dariya suka zo mata tare.

Musu ya kaure. Wata ta ce a kawo yarinyar a riƙa karɓa-karɓa, Nafisat ta girgiza kai tun ba a rufe baki ba. Wata ta ce ita fa kanta ciwo yake da rana, kuma gaskiya ta faɗa. 'Yan sauran kwalejojin suka matso suna jira, don ba mai zaɓa sai na sama sun gama.

Fadila ta goge fuska da gefen hijabi.

"Koci, rubuta mana bayan azahar."

"Ke! Kun hau sama don ku zaɓi wuta?"

"Rubuta kawai." Ta juyo ga Nafisat, ba fara'a. "Wata ɗaya ne, Maman Hafsat. Ki je ki zauna da Hajiya da maigidanki ku san abin yi. In muka sake hawa, la'asar zan ce, ko kina nan ko ba kya nan."

"Na ji."

"Kuma zoɓo mai ƙanƙara a kanki yake," in ji Hansai. "Da man shafawa."

'Yan malanta suka yi tsalle suka cafke la'asar kafin wani ya sake shawara. Nafisat ta zauna a bakin simintin tana kwance igiyoyin takalmi da sauri, don inuwar darbejiyar ta fara miƙewa gabas kuma Hajiya ba ta son makara. Ta cusa kayan a jaka, ta fita titi da silifas. Ƙasa ta ci gaba da sulɓewa a ƙarƙashinta a hankali, kamar har yanzu tana kan taya, har ta ɗaga wa mai Keke hannu.